Kamun kifin bas mai ƙaramin baki cikin tsananin sanyi: dabarar ƙwallo da ƙugiya mai gashi

A manyan tafkunan da ke tsakanin tsaunukan jihohin Tenesi da Kentaki a Amurka, daga Disamba zuwa farkon Maris ruwa kan yi sanyin da idan ka tsoma hannu na ɗan lokaci, yatsunka ba za su iya ƙulla zare ba. A da, yawancin masu fatsa jingine sanduna suke yi a irin wannan lokaci su jira ɗumi ya dawo, domin kifin bas mai ƙaramin baki, abin alfaharin waɗannan ruwaye, sai a neme shi a rasa. Alhali yana nan, rataye a tsakiyar ruwa, ba ya ƙasa ba ya sama, kuma ba shi da niyyar bin komai da gudu. A kan wannan hali nasa aka gina dabarar ƙwallo (ɗan soso mai yawo a saman ruwa da ke riƙe ƙugiya a rataye) da ƙugiya mai gashi kacokan: ka kai masa ɗan ƙaramin abu daidai zurfin da yake, ka bar shi a wurin har ya ga dama. Tsawon sanda, sirancin zare, har yadda ake ƙulli, duk hidimar wannan abu guda suke yi.

Kifin, da abin da sanyi ke yi masa

Masana suna kiransa Micropterus dolomieu. Jikinsa ruwan tagulla ne, da zane-zane masu duhu a tsaye, idonsa yakan yi ja, kuma ƙarshen muƙamuƙinsa ba ya wuce idonsa, wanda da shi ake bambanta shi da ɗan'uwansa mai babban baki. Yana son ruwa garau da duwatsu. Wanda ya kai kilo biyu babba ne ƙwarai. Mafi girman da aka taɓa rubutawa a duniya shi ne na David Hayes, wanda ya kama a tafkin Dale Hollow ranar 9 ga Yuli, 1955, mai nauyin laba 11 da oza 15, wato kilo 5.41. Cikin zafi ya kama shi, da wata dabara daban, amma wannan kifi ne ya sa sunan tafkin ya zaga duniya. Dale Hollow kuwa madatsa ce a kan kogin Obey kusa da garin Celina, wadda sashen injiniyoyin sojan Amurka ya kammala a 1943, ruwanta ya ratsa iyakar Tenesi da Kentaki.

Kifi ba ya ɗumama jikinsa da kansa, zafin ruwa shi ne zafin jikinsa. Da zarar ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, wato 50 a ma'aunin Faranhait da Amurkawa ke aiki da shi, narkar da abincinsa sai ta yi jinkiri, ci ya ragu, ƙarfin bin abinci ya ragu. A daidai wannan lokaci kuma ƙananan kifayen nan masu ƙyallin azurfa da ake kira shad, waɗanda su ne abincinsa, suna shiga wahala. Akwai nau'insu da ba ya jure sanyi ko kaɗan: ruwa na kaiwa wajen digiri 7 sai su fara galabaita, suna karkarwa wuri guda, in ya ƙara sauka su mutu. Bas ɗin sai ya tsaya ƙasa da su kaɗan yana ɗaukar waɗanda suka gaza ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya wahalar da kansa ba. Ƙugiyarka mai gashi, wannan ɗan kifi mai galabaita take kwaikwaya.

Asalin dabarar daga gabashin Tenesi take. Masu kamun wani ɗan faffaɗan kifi da ake kira crappie da ƙananan ƙugiyoyi a ƙarƙashin ƙwallo sun daɗe suna kokawa da manyan bas da ke tsinka musu zare cikin hunturu. Wani mai ƙera kayan fatsa a yankin, Charlie Nuckols, shi ake dangantawa da mayar da wannan tsautsayi dabara mai tsari. Daga tafkuna irin su South Holston ta bazu zuwa Dale Hollow da Cumberland.

Haɗa kaya

Fara da sanda. Kana bukatar doguwa, ƙafa 9 zuwa 10, wato wajen mita uku, mai laushi tun daga tsakiya har baki. Gajeriyar sanda mai tauri ba za ta yi ba, saboda dalilai biyu: ba za ta iya ɗaga dogon zaren da ke rataye ƙarƙashin ƙwallo lokacin jifa ba, kuma ba za ta shanye fizgar kifi ba, sai siririn zarenka ya tsinke. Injin naɗe zare matsakaici, irin mai buɗaɗɗen faifai da ke rataye ƙarƙashin sanda, ya isa. Abin dubawa a jikinsa shi ne birkinsa: ja zaren da hannu, idan yana fita sumul ba ya cijewa, ya yi. Idan yana fita da gargada, bar shi a gida.

Zare iri biyu za ka yi aiki da su. Wanda ke kan injin, gwamma ya zama kitsattsen zare mai ɗaukar laba 6 zuwa 8, domin ba ya miƙewa, yana yawo a saman ruwa, kuma yana tafiya nesa idan an jefa. Wasu sun fi son nailan siriri saboda kitsattse yana shan ruwa ya daskare in sanyi ya tsananta, kuma suna da hujja. Na biyu shi ne jela, wato zaren da ke sauka daga ƙwallo zuwa ƙugiya. Wannan a yi shi da filorokabon, wani irin zaren roba garau, mai ɗaukar laba 4 zuwa 6, saboda yana nutsewa kuma kifi ba ya ganinsa sosai a ruwa garau. A ra'ayina mai koyo ya fara da laba 6. Ƙila ya rasa cizo ɗaya ko biyu a ranar da rana ta take, amma ba zai riƙa barin ƙugiya a bakin kifi ba.

Abin da ke haɗa su wani ɗan ƙarfe ne mai juyawa mai ido uku. Ido ɗaya na zaren injin, ɗaya na jela, na ukun kuma a nan ake maƙala ƙwallo. A zaɓi mafi ƙanƙanta.

Ƙwallon shi ne zuciyar aikin, don haka bari in daɗe a kansa. Na soso mai tauri ne, faɗinsa wajen inci ɗaya, sama launi ɗaya ƙasa wani launi, misali ja da fari. Wanda ake so shi ne mai ɗan nauyi a ciki, kuma nauyin ya kasance sama da tsakiya, yadda idan ka jefa shi cikin ruwa shi kaɗai zai kwanta a gefe, ba zai miƙe tsaye ba sai nauyin ƙugiya ya ja shi daga ƙasa. Wannan ɗan abu labari uku yake ba ka. Idan ka jefa, yana kwance har ƙugiya ta gama nutsewa, sannan ya miƙe, ka san ta kai zurfinta. Idan ya ƙi miƙewa, ƙugiyar ta sauka a kan dutse ko jela ta harɗe. Idan kuma yana tsaye sai ka ga ya kwanta haka kawai, kifi ne ya ɗauki ƙugiyar ya yi sama da ita. Ƙwallon da ke tsaye ko da ƙugiya ko babu, irin wannan cizo ba zai nuna maka shi ba, kuma cikin sanyi cizon yana da yawa. Ana sayar da irinsa a shagunan kayan fatsa na yankin, kamfanin Punisher Lures na Celina ya yi suna a kai. Ko ka saya ko ka gyara da kanka, gwada shi a gida tukuna. Cika bokiti da ruwa, ɗaura ƙugiyar da gajeren zare, saka. Ya miƙe? To sa yatsa ka ɗaga ƙugiyar daga ƙasa. Idan ya kwanta nan take, ya yi. Idan ya yi tsaye abinsa, nauyin ya yi ƙasa da yawa.

Me ya sa ba a amfani da ƙwallo mai zamewa a kan zare, wanda ya fi sauƙin jefawa? Domin ƙugiyar ba ta da nauyin da za ta ja zare ta ramin ƙwallo da kyau, ramin kuma yakan toshe da ƙanƙara, sannan duk lokacin da ka motsa sanda ƙugiyar tashi take yi daga zurfin da ka sa ta. Ƙwallo kafaffe yana riƙe ta inda ka ce. Mai zamewa yana da ranarsa, idan kifi ya yi zurfin da ya wuce ƙafa 14 ko wurin jifa ya matse.

Ita ƙugiyar, kanta ɗan dalma ne, nauyinsa kashi ɗaya cikin 16 na oza, wato giram 1.8, an ɗaura mata gashin roba mai laushi ko gashin agwagwa, duka tsawonta bai wuce inci biyu ba. Ranar da kifi ya yi taurin kai ana sauka zuwa rabin wannan nauyi. A launi, tara masu kama da abincinsa: fari, ruwan toka, fari da shuɗi, sai kuma ɗaya ko biyu masu ɗan ruwan hoda ko rawaya mai haske don ranar hadari. Ta gashin agwagwa tana da ɗigo-ɗigo irin na ɓawon kifi, takan yi aiki a ranar da ruwa ya kwanta garau. Riƙe ɗaya cikin bokitin nan ka duba da kyau: ko ba ka motsa hannu ba, silin gashin suna buɗewa suna rufewa a hankali, ɗan bugun jinin yatsanka ma ya isa ya girgiza su. Koton roba mai wutsiya sai an ja shi yake rawa, gashi kuwa yana rawa a tsaye, shi ya sa ya fi shi cikin sanyi.

Mutanen yankin suna shafa wani man ƙamshi mai kauri, yawanci basilin ne da tafarnuwa ko warin kifi. Wasu kan ƙugiyar kawai suke shafawa don gashi ya ci gaba da motsi, wasu kuma su shafe ta duka ta zama siririya sak ɗan kifi. Ni ina tare da na farko, amma idan an yi awa ba cizo, gwada na biyu ba laifi ba ne.

Ƙulli. Ga kitsattsen zare yi ƙullin Palomar: ninka bakin zaren biyu, zura ta ido, yi ƙulli sako-sako, zura ƙarfen ta cikin madaukin da ya rage, jiƙa da yawu, ja a hankali. Ka ɗaura zarurrukan biyu kafin ka maƙala ƙwallo. Wurin ɗaura ƙugiya akwai abin da mutane da yawa ke mantawa: bayan ka ja ƙulli ya kama, tura shi da farce zuwa saman idon, sannan ka ɗaga jelar ka gani. Ƙugiyar ta kwanta a miƙe yadda kifi ke tsayawa cikin ruwa. Idan wutsiya ta rataya ƙasa, gyara. Kuma bayan kowane kifi ko kowace maƙalewa, sake dubawa, domin ƙullin yakan zame gaba.

Duk ƙulle-ƙullen nan a yi su a ɗaki tun da dare kafin ranar fita. Yanka jeloli masu tsawo daban-daban, ƙafa 8, 10, 12 da 14, ɗaura wa kowace ƙugiyarta, naɗe su a jikin guntun soso.

Inda za ka tsaya, da zurfin da za ka sa

Nemo gaɓa mai gangare sosai inda ruwa mai zurfi ya matso bakin tudu: bangon dutse da ya miƙe cikin ruwa, hancin tudu mai tsakuwa da ya kutsa cikin tafki, wurin da tsohuwar hanyar kogi ta lanƙwasa ta goga gaɓa, ko inda bangon dutse ya ƙare ya koma ɓaraguzai. Irin wuraren da dutse ke canza kama sun fi tara kifi. Rabin tafkin da ke kusa da madatsa yawanci ya fi garau, kuma dabarar nan da ido kifi ke samunta, don haka idan ba ka iya hango farin abu a zurfin ƙafa uku ko huɗu ba, canza wuri. A ruwa mai laka ɓata lokaci ne.

Idan jirginka na da na'urar gano kifi, bi gaɓar a hankali kana kallo. Tarin ƙananan kifaye zai fito a allo dunƙule, manyan kuma a ƙarƙashinsu ko gefensu. Ba ruwanka da zurfin ƙasan tafki. Kana iya zama a kan ruwa mai ƙafa 50 kifin kuma yana ƙafa 15. Sa ƙugiyarka sama da shi da ƙafa biyu ko uku. Idon bas kusa da saman kansa yake, yana tasowa ya ɗauki abu, amma da wuya ya sunkuya ya bi wanda ke ƙarƙashinsa. Gara ka yi sama da yawa da ka yi ƙasa da yawa.

Idan babu na'ura, fara da ƙafa 10. Ranar hadari mai ɗan iska kifi kan taso, ƙafa 8 na iya isa, kuma irin wannan rana ita ce ranar da ake fata, ko da ana yayyafi ko ƙanƙara na sauka. Ranar da sama ta washe ruwa ya kwanta lumui, sai a sauka ƙafa 12 ko 14, a kuma nemi gaɓar da inuwa ta rufe. In ku biyu ne, kada ku sa zurfi ɗaya. Ɗaya ya sa 9 ɗaya ya sa 12, wanda ya fara samu sai ɗayan ya bi shi. Idan an daɗe shiru, zurfi za ka fara canzawa kafin launi. Bambancin ƙafa biyu kan raba wanda ya kama da wanda ya dawo hannu rabbana.

Tsayar da jirgi nesa da gaɓa gwargwadon jifa ɗaya mai kyau. Kashe babban inji tun daga nesa ka ƙarasa da ɗan injin lantarki. Kada a buga murfin akwati, kada a ja kujera.

Jifa

Nan ne sabon shiga ke shan wahala, domin ƙafa goma na zare na lilo a ƙarƙashin ƙwallo kuma ba za ka iya naɗe shi ba. Bar ƙwallo ya rataya kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakin sanda. Juya ka tabbata abokinka ba ya bayanka. Buɗe injin, riƙe zare da yatsa, kama sanda da hannu biyu. Kai sandar baya a hankali ta bisa kafaɗa har jelar ta miƙe a bayanka, ka jira sai ka ji ƙugiyar ta taɓa ruwa, ɗan “tsul”. Wannan sauti shi ne izininka. Daga nan ka kawo sandar gaba da lilo ɗaya mai faɗi, kamar mai jifa da majajjawa, ka saki zare sandar tana kallon sama-sama. Ruwan da ya riƙe ƙugiyar a baya shi ke lanƙwasa sanda ya ba ta ƙarfi. Idan ka yi gaggawa ka fizga kafin jela ta miƙe, ƙugiya za ta naɗe ƙwallo, ko ta kama hularka. Dab da faɗuwa, taɓa bakin faifan da yatsa don ƙwallo ya rage gudu ƙugiya ta wuce shi ta faɗi gaba. In da hali sa iska a bayanka. Mai kamu daga gaɓa ma yana iya yi, muddin akwai fili a bayansa kuma zurfi na kusa.

Jefa kusa da gaɓa, amma inda zurfin ya fi tsawon jelarka.

Bayan ƙwallo ya miƙe

Rufe injin, kwashe rarar zare amma kada ka ja ƙwallon. Jira ya miƙe. Daga nan ka ɗaga bakin sanda sama ka riƙa kaɗa shi ƙanana-ƙanana da wuyan hannu, yadda ƙwallon zai riƙa rawa a wuri guda yana fitar da 'yan zobba a kan ruwa. Yi haka na daƙiƙa biyar zuwa goma, ka tsaya cak. Ƙirga ashirin a zuci, ko talatin. Naɗo zare kaɗan ƙwallon ya matso ƙafa biyu ko uku, jira ƙugiya ta dawo ƙarƙashinsa, sake kaɗawa. Haka za ka yi ta yi har ka baro gaɓa sosai, domin kifin sau da yawa yana can tsakanin gaɓa da jirgi, a kan ruwa mai zurfi. Jifa ɗaya na iya cin minti uku ko fiye. Idan iska ta tayar da ƙananan igiyoyin ruwa, daina kaɗawa gaba ɗaya, ruwan na yi maka aikin, kuma ya fi ka iyawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yawan motsi. Mutum ya saba da fatsar lokacin zafi, hannunsa ba ya son zama. Amma ɗan kifin da sanyi ya kama ba ya tsalle ba ya gudu, kuma duk abin da ya yi kuzari cikin ruwa mai digiri 6, bas ya san ba abincinsa ba ne, ko kuma ya ga bai cancanci wahalar bi ba. Ruwa na ƙara sanyi, kana ƙara tsawon jira. Yawancin cizo lokacin tsayawar nan yake zuwa.

Kada ka ɗauke ido daga ƙwallo. Wani lokaci zai nutse ne a hankali, ka ga jan launinsa na dusashewa a ƙarƙashin ruwa kamar wani na jansa da yatsa biyu. Wani lokaci ya kwanta. Wani lokaci ya kama tafiya gefe, ba ta inda iska ke kaɗawa ba. Duk ukun kifi ne. Naɗe rarar zare da sauri har ka ji nauyi, sannan ka ɗaga sandar sama da ƙarfi matsakaici, ɗagawa ɗaya doguwa. Ba a fizga. Ƙugiyar siririya ce mai kaifi, da kanta take shiga, yawanci a saman baki.

Kokawa da saki

Sanyin da ya hana shi bin abinci ba ya hana shi faɗa. Da ya ji ƙarfe zai nufi ƙasa. Ka riga ka sassauta birki tun kafin jifan farko, yadda zare zai fita kafin ya kai ga tsinkewa. Riƙe sanda a lanƙwashe, bar shi ya ja, in ya tsaya ka naɗo. Wasu gwanaye suna sakin makullin injin su riƙa juya hannu baya idan kifi ya ja. Hatsarin yana kusa da jirgi: yana ganin jirgi zai sake nutsawa da ƙarfi, a nan ake yawan rasa manya.

Ka tuna ba za ka iya naɗe zare ya wuce ƙarfen nan mai ido uku ba. Idan ƙwallo ya iso bakin sanda, saura ƙafa goma tsakaninka da kifi. Ja da baya cikin jirgi, ɗaga sanda sama, abokinka ya sa koma mai dogon mariƙi ya tare shi ta kai. Kada ka kama jela da hannu don ka jawo shi, laushin sanda ne ke kare zaren, hannunka ba shi da wannan laushi. Koma mai ragar roba ta fi, ba ta goge santsin jikinsa.

A Dale Hollow doka ta kare duk bas mai ƙaramin baki da tsawonsa ke tsakanin inci 16 da 21, dole a mayar da shi. Biyu kacal aka yarda mutum ya riƙe a rana, ɗaya ƙasa da inci 16, ɗaya sama da 21. Ana bukatar lasisin jihar da kake kamu a ruwanta, kuma ka karanta littafin dokokin shekarar kafin ka fita. Yawancin masu wannan fatsa sakin duka suke yi, kuma ina ganin daidai ne, domin kifin da ya kai inci 20 ya shekara da yawa kafin ya kai haka. Idan iska ta kai sanyin daskarar da ruwa, tana iya lahanta matsefin numfashinsa da idanunsa cikin ɗan lokaci. Cire ƙugiya yana cikin koma a ruwa. In za ka ɗauki hoto, jiƙa hannu, tallafi cikinsa da ɗaya hannun, ka mayar da shi kafin ka ƙirga ashirin. Wani alherin dabarar shi ne kifin ba daga zurfi mai yawa aka ɗago shi ba, don haka jakar iskarsa ba ta kumbura, yana komawa lafiya.

Kai kanka

Wannan ba abin wasa ba ne. Ruwan da ke ƙasa da digiri 10 yana kashe gwanin iyo. Masanin nan na Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da ke faruwa da lambobi uku: minti ɗaya na farko numfashi ke ƙwacewa, mutum ya riƙa haki ba da sonsa ba, aikinsa kawai ya riƙe kansa sama har numfashi ya daidaita, sai kamar minti 10 da hannu da ƙafa ke iya aiki, sai kamar awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Wanda ba ya sanye da rigar ceto yakan nutse tun kafin a kai ga awar. Saka ta a jiki, a ɗaure, tun daga bakin gaɓa. Kada ka fita kai kaɗai. Faɗa wa na gida inda za ka da lokacin dawowa. Sa tufafi hawa-hawa na ulu ko na roba, ka guji auduga domin in ta jiƙe tana zuƙe ɗumin jiki. Ajiye busassun kaya cikin leda a ɗaure, da tawul, da shayi mai zafi a fulas. Kula da daɓen jirgi da gangaren da ake sauke shi, ruwan da ya zuba a kai yakan daskare ya yi santsi.

Zobban sanda ma suna toshewa da ƙanƙara. Shafa musu ɗan basilin kafin fita, in sun toshe tsoma sandar cikin ruwa ka girgiza. Kada ka ɓalle ƙanƙarar da ƙarfe, za ka fasa zoben ya riƙa yanka zare.

Wajen tsakiyar Maris, idan ma'auni ya fara nuna digiri 12 zuwa 13, kifin zai bar rataya ya matsa gaɓa yana farauta, kuma koto mai gudu zai fi ƙwallo kamu. Lokacin ajiye doguwar sanda ya yi. Wanke ƙugiyoyin da ruwan ɗumi da ɗan sabulu don man ya fita, shanya su har gashin ya bushe sarai kafin ka rufe akwati, in ba haka ba tsatsa za ta ci bakinsu. Jelolin da aka yi aiki da su a yanka a zubar a kwandon shara, ba cikin tafki ba, a ɗaura sababbi idan Disamba ta zagayo.